Tsara Zanen Gidan Ƙasa Marar Bene Ga Matasan Ma'aurata: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin nan su ne ke yawan fitowa daga bakin ma'auratan da suka samu fili a garuruwa irin su Kano, Kaduna, Zariya, Katsina da Sakkwato, suna da yaro ɗaya ko biyu, suna son fita daga gidan haya, kuma kuɗin da ke hannu a ƙirge yake. Ma'aunan da ke ciki na jagora ne. Hukumar tsara birane ta garinku ita ke da magana ta ƙarshe.

1. Mun sayi fili. Daga ina za mu fara?

Daga zama ku biyu da takarda da biro, kafin a kira magini ko mai zane. Ku bi yini guda na gidanku tun daga asuba har kwanciya: ina ake alwala, da me ake girki, gas ko gawayi, ina ake wanki da shanya, wa ke shigowa kuma har ina yake isa, ina yaro ke rarrafe idan uwarsa tana kicin, ina babur ko mota ke kwana. Sannan ku rubuta duk abin da ke ci muku tuwo a ƙwarya a gidan da kuke haya. Banɗakin da ƙofarsa ke kallon falo, kicin marar taga, ɗakin da ba ya kwantuwa a watan Afrilu. Wannan takarda ta fi hotuna ɗari amfani ga wanda zai zana muku gida.

Kada maigida ya yanke shi kaɗai. Sau da yawa shi kwana kawai yake yi a gidan, uwargida ce ke yini a ciki, kuma ita ce za ta ɗanɗana kuɗar duk kuskuren da aka yi a takarda.

2. Fuloti 50 x 100 ya isa? Idan 50 x 50 ne fa?

Ƙafa 50 x 100 kusan mita 15 x 30 ke nan, wato murabba'in mita 450 da ɗoriya. Gida mai ɗaki uku da falo da kicin yakan ci murabba'in mita 120 zuwa 150, saboda haka fili ya isa har ya yi saura. Sai dai ba duka filin ake ginewa ba. Hukumomi kan sa a ja baya daga iyaka, kuma a wurare da dama ƙa'idar ita ce kusan mita 6 a gaba da mita 3 a gefe da baya, ko da yake takan bambanta daga gari zuwa gari da unguwa zuwa unguwa. Idan aka cire mita 3 dama da hagu daga faɗin mita 15, mita 9 ce ta rage. Shi ya sa gidan irin wannan fuloti ya fi dacewa ya zama dogo ya miƙe ciki.

A 50 x 50 kuwa, rabin wancan ne. Ɗaki biyu da falo ɗaya da ɗan tsakar gida za su zauna lafiya. Ana iya cusa ɗaki uku, amma iska da haske ne za su biya kuɗin. Mai irin wannan fili da ke hangen iyali mai yawa ya karanta amsa ta 15.

3. Ɗaki nawa ya kamata mu zana, alhali yaranmu ƙanana ne?

Ku zana uku, ko da biyu za ku fara ginawa. Yau jariri yana kwana da uwarsa, ɗan shekara uku yana bin sa. Amma shekara goma ba ta da nisa, kuma addini ya ce a raba wa yara wurin kwana idan sun kai goma. A lokacin sai an samu ɗakin maza da ɗakin mata. Kafin nan, ɗaki na uku ba zai zauna fanko ba: ƙanwar matar gida da ta zo karatu, Hajiya da ta zo ganin likita, mai kula da jego, duk shi za su nufa.

4. Na ga wani zane mai kyau a intanet. Ba zan iya ba magini ya bi shi kawai ba?

Yawancin zanen da ke yawo a Facebook da YouTube an yi su ne don wata ƙasa ko wani yanayi. Wasu na ƙasashen sanyi ne, inda ake neman rana ta shigo ɗaki. Wasu na Legas ne, inda ƙofar gida ke buɗewa kai tsaye cikin falo, kicin kuma a buɗe yake babu bango. A kai wannan Katsina, sai baƙo namiji ya shigo ya tarar da matar gida tana tuƙa tuwo ba mayafi, hayaƙin suya kuma ya kama labule. Ba su san tsakar gida ba, ba su san girkin suna ba, ba su san inda rana ke faɗuwa a filinka ba.

Ka ɗauki abin da ya burge ka a ciki, ka kai wa mai zanen gini da ke da rajista da hukumar ARCON ya tsara shi daidai da filinka. Gogaggen magini ya san bulo da siminti, kuma shawararsa tana da daraja, amma ya fi iya maimaita gidan da ya saba ginawa, har da kurakuransa. Kuɗin zane kaɗan ne idan aka gwada shi da kuɗin rushe bango ɗaya a sake.

5. Wace fuska ya kamata gidan ya kalla?

Titi ne ke yanke inda get zai kasance, amma ku ke da ikon inda kowane ɗaki zai zauna. A nan Arewa babban abokin gaba shi ne ranar yamma. Bangon da ta daka tun daga azahar har magariba yakan riƙe zafi ya sake shi cikin dare, daidai lokacin da ake neman barci kuma ga shi an ɗauke wuta. Don haka a sa sito, banɗaki, wurin ajiye mota ko baranda a ɓangaren yamma, su tare wa ɗakunan kwana. Manyan tagogi su kalli kudu da arewa, domin ta can rana a sama take, kuma bakin rufin da ya fito santimita 60 zuwa 90 ya isa ya yi musu inuwa. A Kano da makamantanta, rana tana karkata kudu mafi yawan shekara, sai daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen tsakiyar Agusta take ɗan komawa arewa.

Iska ma tana da hanyoyinta. Ta hunturu, mai ƙura da sanyi, daga arewa maso gabas take zuwa. Iskar damina mai daɗi daga kudu maso yamma take. Hadari kuwa yawanci daga gabas yake tasowa, kuma bangon gabas ne ke shan feshin ruwa. Maginan ƙasa na da sun san haka, shi ya sa suka fi kula da yaɓen wannan ɓangare. Tagar gabas tana son rumfa a kanta.

Kowane ɗakin kwana ya samu taga a bango biyu, don iska ta shiga ta fita. Taga ɗaya, kome girmanta, ba ta juya iska. Idan filinku ya miƙe daga arewa zuwa kudu har dogon bango ya kalli yamma dole, a shuka darbejiya ko mangwaro a wannan gefe, amma nesa da fandisho da sokawe saboda saiwa.

6. Yaya girman ɗakuna ya kamata ya zama?

Ku auna kayan ɗakin da iyaye suka jera wa amarya, su ne ma'auni na gaskiya. Gado ƙafa shida-shida, idan aka haɗa da allon kai, ya kusa ƙafa bakwai a tsawo. Wadirob yana cin ƙafa biyu. A ɗaki mai ƙafa 12 x 12, abin da ya rage tsakaninsu ƙafa uku ne, ga madubi, ga durowa biyu na gefen gado, ga gadon jariri, ga wurin shimfiɗa sallaya. Ɗakin uwargida ya kai 12 x 14 aƙalla, 14 x 14 ya fi. Na yara 12 x 12 ya wadatar, musamman idan za a sa gado mai hawa biyu. Falo 14 x 18 yana ɗaukar cikakken saitin kujeru ba tare da cunkoso ba. Kicin 10 x 12, banɗaki 5 x 8, korido kada ya gaza ƙafa huɗu, ƙofar ɗaki ƙafa uku.

Ku tambayi mai zane ko awon da ya rubuta na cikin ɗaki ne ko daga tsakiyar bango zuwa tsakiyar bango. Bulo mai inci 9 da filasta yakan cinye kusan inci goma, sai ɗakin da aka ce 12 ya fito 11 da kaɗan. Tsayin silin kuma kada ya gaza ƙafa goma, wato mita 3. Rage layi ɗaya na bulo don tsimi yana sauko da zafin kwano kan mutane, fanka kuma ta zo kusa da hannun wanda ke cire riga.

7. Falo ɗaya ko biyu?

Gidan gargajiya ya warware wannan tun da daɗewa: zaure a bakin ƙofa inda baƙi maza ke tsayawa, sai ƙofar gida, sai shigifa, sannan cikin gida, kuma ƙofofin ba sa kallon juna don kada ido ya zarce. Ba dole ne a gina zaure da azara ba, amma hikimar tana nan. Abin da ake buƙata shi ne ƙaramin falon baƙi kusa da get, kamar 12 x 12, mai ƙofarsa ta waje da ɗan banɗakinsa, sannan falon iyali a ciki wanda mata ke shiga ta wata ƙofar daban.

Inda mutane ke ɓata fili shi ne su yi ƙaton falo na nuna isa, a zuba kujerun da ba a zama sai ranar sallah, iyali kuma su takure a ɗaki. Gara falo biyu matsakaita da ɗaya tamfatsetse. Idan kuɗi bai kai ba, baranda mai rufi da dakali a gaban gida tana sauke yawancin baƙin maigida, kuma ana iya kewaye ta da bango nan gaba.

8. Ina kicin zai zauna?

Inda mai girki za ta iya ganin tsakar gida ta taga, ta kuma jiyo falon iyali. Uwa mai ƙananan yara girki take yi ido ɗaya a tukunya ɗaya a kansu. Kicin ya samu ƙofa biyu, ɗaya zuwa ciki, ɗaya zuwa waje, kuma ta wajen ta faɗa kan wata rumfa inda za a kafa murhu, a ajiye turmi, a hura gawayi ranar da gas ya ƙare ko ranar girkin taro. Gidan da ba a tanadi wannan rumfa ba, za a ƙare ana hura wuta a jikin bangon da aka yi wa fenti.

Sito ya manne da kicin, ya iya ɗaukar buhunan masara da shinkafa da jarkar mai, da ƙaramar taga a sama mai raga. Tukunyar gas ta fi aminci a waje cikin ɗan keji mai shan iska, a ratsa bango da bututu. Kada kicin ya haɗa bango da kan gadon wani idan da hali.

9. Dole ne kowane ɗaki ya samu banɗakinsa?

Ba dole ba ne, yayi ne. Kowane banɗaki tayil ne, bututu ne, ƙofa ce, kuma wuri ne da zai iya yoyo ya jiƙa bango. A unguwar da ruwa sai an saya wurin 'yan garuwa, banɗaki biyar wahala biyar ce, kuma wanda ba a amfani da shi ruwan da ke tare wari a bututunsa yakan bushe, ɗaki ya ɗauka. Tsarin da ya fi dacewa da matasan iyali: ɗaya a ɗakin iyaye, ɗaya tsakanin ɗakunan yara, ƙarami a falon baƙi, sai ɗaya a tsakar gida don 'yan aiki, 'yan biki da wankan jego.

A jera su kusa da juna, baya da baya idan zai yiwu, a gefen da sokawe yake. Bututu gajere ya fi arha kuma bai cika toshewa ba. Kowanne ya samu taga da ke buɗewa waje, kuma daɓensa ya yi ƙasa da na ɗaki da kamar inci biyu.

10. Ya batun alƙibla?

Daga Kano alƙibla tana gabas ne da ɗan karkata arewa, kusan digiri 68 idan aka auna daga arewa. Hadisi ya hana fuskantarta ko ba ta baya yayin biyan buƙata. Malaman Malikiyya sun sassauta idan a cikin gini ne, amma tunda a takarda juya masai ba ya cin ko sisi, a sa mai zama ya kalli kudu ko arewa, hankalin kowa ya kwanta. Haka kuma a duba kowane ɗaki: idan an shimfiɗa sallaya, kada mai sallah ya tare ƙofa ko ya zama hanyar banɗaki ta gabansa take.

11. Tsakar gida ba ɓarnar fili ba ce a wannan zamani?

A ganina babu wani ɓangare na gidan da zai yi muku aiki kamarta, kuma ita ce ba ta cin bulo. Nan ake shanya, nan ake wanki, nan yaro ke koyon tafiya da keke ba tare da ya fita titi ba, nan ake shimfiɗa tabarma a kwana cikin bazara, nan mata ke zama ranar suna, nan ake ɗaure ragon layya a kuma yi aikinsa. Gidajen zamani da yawa sun dasa gini a tsakiyar fili, suka bar siraran lunguna kewaye da shi da ba sa amfanar kowa, sannan suka ba mota duk filin gaba.

Gyaran shi ne a tattara filin da ya rage wuri guda, a baya ko a gefe, ta hanyar yin ginin kamar harafin L. Kada ta gaza ƙafa 20 x 20 a fuloti 50 x 100. A tabbata wanda ke bakin get ba ya hango ta, kuma idan maƙwabci yana da bene, a sa rumfar ta gefensa. Kada a malale ta duka da siminti, domin yana riƙe zafi. A bar wurin bishiya da ɗan yashi. A karkata daɓen yadda ruwan sama zai bi rariya ya fita titi.

12. Me za mu lura da shi saboda ƙananan yara?

Ɗakinsu ya kasance kusa da na uwa yadda za ta ji kuka da dare, kuma nesa da ƙofar fita. A rage matakala a cikin gida. Falon da aka nutsar ƙasa don ado tarko ne ga mai tatata da tsohuwa. Tayil na banɗaki da baranda ya zama mai kaushi. Rijiya da tankin ƙasa su samu murfi mai kwaɗo tun ranar da aka haƙa su, ba sai an tare ba. Wurin juya mota ya rabu da wurin wasa, ko da da gajeriyar katanga ce.

Sai maganar gobara, wadda ta fi yawa da hunturu. Gida mai ƙofa ɗaya da ƙarfe a kowace taga kurkuku ne ranar da wuta ta tashi a falo. A zana ƙofar fita biyu a ɓangarori daban, kuma a ɓangaren ɗakunan kwana a yi ƙarfen taga ɗaya mai buɗewa daga ciki, makullinsa a rataye inda manya suka sani.

13. Maigida yana buƙatar ɗakinsa daban? Idan kuma akwai tunanin ƙarin aure fa?

Turaka tsohuwar al'ada ce, kuma tana da rana lokacin jego, sa'ad da ɗakin uwargida ke cika da 'yan barka. A gida mai ɗaki uku, hanya mafi sauƙi ita ce a manna ɗaki ɗaya da falon baƙi, ya zama na maigida yanzu, na samari idan sun girma.

Rabin tambayar na biyu maza kan yi shi ne bayan uwargida ta tashi daga wurin. Amsar ta gini ce kawai: kowace mace tana da haƙƙin wurinta, kuma sashe na biyu yana son ɗakinsa da falonsa da kicin da banɗaki. A 50 x 100 hakan zai yiwu ne kawai idan tun farko an matsar da ginin gefe ɗaya. Wanda ya dasa gida a tsakiya, sai dai ya cinye tsakar gida ko ya nemi wani fili. Filin da aka ware ba ya asara ko auren bai zo ba, domin zai iya zama sashen iyaye ko na haya.

14. Kuɗinmu ba zai gama gidan gaba ɗaya ba. Yaya ake gini kaɗan-kaɗan?

A zana gidan duka, a nemi izini a kan duka, sannan a raba aikin. Tun ran gini ran zane. Kashi na farko ya zama gida cikakke a karan kansa: ɗaki ɗaya ko biyu, falon iyali, kicin, banɗaki, katanga da get, sokawe. Inda za a ƙara ɗaki nan gaba, a zuba linta ta ƙofa tun yanzu a toshe da bulo mai inci 6, ranar ƙari sai a fasa kawai. Idan da hali a zuba fandishon gidan duka lokaci guda, don kada sabo da tsoho su zauna daban su tsage a mahaɗa.

Rufi ne ke ba da wahala wajen ƙari. Rufi mai sauƙi mai gangara biyu yana miƙewa ba matsala, amma mai kusurwoyi da yawa da tsini sama sai an kwance shi. Irin wannan dogon rufi na yayi yana cin katako da kwano masu yawa, kowace kwana kuma wurin yoyo ce. Haka ginin kansa: duk lungu da lanƙwasa ƙarin bango ne, kuma kowane murabba'in mita na bango bulo goma ne. Gida mai kusurwa huɗu ko shida ya fi arha nesa ba kusa ba.

Kada a fara da boskwata da niyyar “kafin a yi babban gida” ba tare da cikakken zane ba. Da yawa sun zauna a cikinta shekaru, kuma da aka tashi ginin sai aka tarar ta tare wurin da ya fi dacewa.

15. Za mu iya ɗora bene daga baya?

Sai idan an faɗa wa injiniya tun kafin a haƙa fandisho. Gidan da zai ɗauki bene yana da nasa tushe, da ginshiƙai, da lissafin rodi, kuma injiniya mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN ne ke fitar da su bayan ya duba ƙasar wurin. Ɗora dakin, wato rufin kankare, a kan bangon da aka yi don ɗaukar kwano kawai yana cikin abubuwan da ke rusa gini a kan mutane. A zanen ƙasa kuma a ware wurin matakala, kusan ƙafa 8 x 15, a yi sito da shi kafin lokacin. Wannan shiri yana ƙara kuɗi tun yau, don haka mai 50 x 100 da ɗaki uku ko huɗu suka ishe shi ba ya buƙatarsa. Mai 50 x 50 ne ya kamata ya yi tunaninsa sosai.

16. Ina za a sa sokawe, rijiya, tanki da janareto?

Su ma a zane suke, ba a bar wa mai aikin famfo ya zaɓa ranar da ya zo ba. Sokawe ya zauna inda tiyon motar kwashewa zai kai, wato kusa da gaba ko gefen titi, kuma ba a ƙarƙashin wurin da za a ƙara ɗaki ba (amsa ta 14). Tazarar da masana lafiya suka fi ba da shawara tsakanin sokawe da rijiya ita ce mita 30, wanda shi ne tsawon fulotin gaba ɗaya. Ke nan ɗaya a wannan ƙarshe, ɗaya a wancan, kuma a leƙa a ga inda maƙwabta suka haƙa nasu, domin ruwan ƙasa bai san katanga ba.

Tankin sama ya kusanci banɗakuna da kicin. Janareto ya samu ɗakinsa a waje, nesa da tagogin kwana. Hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar wari da ke kashe mutane cikin barci, kuma korido ko kicin ba wurinsa ba ne ko ana ruwa. Masu niyyar sa sola su bar gefen rufi mai kallon kudu ba inuwa, da ɗan wuri mai iska na batura wanda yara ba sa shiga.

17. Me ya sa ake cewa a ɗaga gida sama da titi?

Saboda titin da kuke gani yau ba shi ne na gobe ba. Ranar da aka zo yin kwalta da kwalbati, ana ciko, hanya ta hau, gidajen da aka gina daidai da ƙasa su koma rami, ruwan unguwa ya riƙa kwana a falonsu. Daɓen gida ya ɗara titi da aƙalla ƙafa biyu, tsakar gida kuma ta ɗara shi da kaɗan. Ku je filin a watan Agusta bayan an yi ruwa mai ƙarfi ku ga inda yake bi. Ku tambayi tsofaffin unguwa ko wurin tsohon kududdufi ne da aka cike da shara, abin da ba baƙo ba ne a Kano. Irin wannan ƙasa, da baƙar laka mai kumbura da damina ta tsage da rani da ake samu a sassan Borno, Gombe da Adamawa, suna buƙatar fandisho na musamman.

18. Mu fitar da shago a gaban gida?

Idan titin yana da kasuwa kuma hukuma ta yarda, shago yana taimaka wa cefane. Amma yana cin wurin falon baƙi, yana tara zaman samari a ƙofar gida, kuma a 50 na faɗi, get da shago biyu sun cinye fuskar duka. In za a yi, ɗaya ya isa, ba ƙofa ko taga tsakaninsa da cikin gida, mitar wutarsa daban. Matar gida mai sana'ar ɗinki ko saƙa ko sayar da kaya ta fi buƙatar ƙaramin ɗaki kusa da ƙofar mata, inda masu saye za su tsaya ba sai sun ratsa falo ba.

19. Wane izini ake nema kafin a fara?

Abu biyu ne, kuma mutane kan haɗa su. Na farko shaidar mallakar fili. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamnan jiha, kuma ana bin takardun ne ta hukumomin filaye irin su KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. Takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa shaida ce ta saye, amma ba ta maye gurbin wannan, kuma filin awon igiya yana iya faɗawa kan hanyar da gwamnati ta riga ta tsara. Na biyu izinin gini, wanda KNUPDA ke bayarwa a Kano, KASUPDA a Kaduna, sauran jihohi ma kowace da tata hukumar. Za su nemi zanen gini mai hatimin ƙwararre, da taswirar filin, da shaidar mallaka. Gini a ƙarƙashin babbar wayar lantarki ko a kan magudanar ruwa ba ya samun izini, kuma shi ne farkon wanda ake shafa wa jan fenti.

20. An kawo mana zanen, amma ba mu iya karanta shi ba. Yaya za mu gane ko ya yi?

Lambobin da ke jiki yawanci milimita ne: 3600 na nufin mita 3.6, kusan ƙafa 12. 4200 kusan ƙafa 14. 900 faɗin ƙofa ne. Idan an rubuta 1:100, kowace santimita a takarda mita ɗaya ce a ƙasa. Ku nemi kibiyar da ke nuna arewa, ku gwada ta da amsa ta 5. Layin da ya lanƙwasa a bakin kowace ƙofa yana nuna inda take buɗewa. Ku duba kada biyu su yi karo, ko wata ta rufe makunnin fitila. Ku sa mai zane ya zana gado da wadirob da kujeru a ciki da ainihin girmansu. Sannan ku ɗora yatsa a get ku bi hanyar baƙo namiji, ku bi ta mai ɗauke da tire daga kicin, ku bi ta yaron da ya tashi fitsari da dare.

Kafin a haƙa komai, ku je filin tare, a ja igiya a zuba toka a kan layin kowane bango. Ku shiga ta inda ƙofa za ta kasance, ku tsaya a kicin ku duba ko ana ganin tsakar gida. A fili ɗakuna kan yi kamar sun ƙanƙance, don haka kada ku firgita ku ce a ƙara ko'ina. Ku gwada da awon ɗakin da kuke kwana a ciki yanzu. Duk canjin da kuka yanke, a mayar wa mai zane ya gyara a takarda, ya ba magini sabon kwafi, a karɓe tsohon daga hannunsa.